Bijimin Mudi da Tsakuwar Kwalbati

A wata unguwa da ke bayan Ɗansoshiya akwai wani mutum ana ce masa Mudi mai amalanke. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, kuma kafin abin nan ya faru ba wanda zai ce ya taɓa jin ya ɗaga murya a kan mutum. Gona ya gada wajen mahaifinsa, shi da ƙanensa Abdulhadi, gida ɗaya suke zaune, kowa da sashensa. Abin da Mudi ya samu da guminsa shi ne shanun noma guda biyu, ja da baƙi, waɗanda ya saya suna maruƙa wajen wani Bafulatani a wajajen Tudun Wada. Jan ya sa masa suna Jatau, baƙin kuma Duna. Shi ya hore su da hannunsa har suka san karkiya. Da damina ya yi huɗa da su, da rani ya ɗaura musu amalanke ya kai wa mutane taki gona, ko kara, ko yashin gini.

Amalanken nasa mai zurfi ne, domin ya ƙara masa katako a gefe saboda taki da ƙaiƙayi, kayan da ke cin wuri amma ba su da nauyi. In taki ne sai ya cika shi har ya yi tozo. In yashi ne ba ya bari ya wuce katakon farko. Masu gini sukan yi ƙorafi su ce rabin amalanke ya kawo musu, shi kuwa sai ya ce musu su je su ɗaga buhun yashi da buhun ƙaiƙayi su dawo a yi magana. Bai san lissafin abin ba. Kallon wuyan shanunsa yake yi, da yadda suke kafa kofato in za su ja.

A shekarar da matarsa Kulsum ta fara rashin gani, mutanen unguwar suka yanke shawarar gina kwalbati a kan wani kwari da ya raba su da hanyar Kiru. Duk damina ruwa yakan cinye wurin, masu babur su yi ta faɗuwa. Aka ba Malam Musbahu, malamin firamare na unguwar, aikin sayo kayan. Musbahu ya yi aikinsa da kyau. Ya auna tsawo da faɗi da zurfin abin da za a zuba. Da ya je wurin masu fasa dutse suka ce su da nauyi suke sayarwa, tan tan, ba ruwansu da girman rami, sai ya zauna ya juya lissafin: tsakuwar da za ta cika akwati mai mita ɗaya a kowane gefe takan kai kamar tan ɗaya da rabi. Da haka ya faɗa musu tan nawa yake so, kuma abin da aka kawo bai gaza ba, bai yi yawa ba.

Sai dai direban tifa da ya iso bakin hanyar unguwar ya ƙi shiga. Ya sauko ya tattaka ƙasar, ya dubi gangaren da ke sauka kwarin, ya ce da wannan nauyin motarsa ba za ta fito ba. Ya juye tsakuwar a bakin titi ya tafi abinsa. Aka ce to sai a yi gayya a kwashe da amalanke.

A lokacin Mudi yana Kano, ya kai Kulsum asibiti za a cire mata yanar ido. Da zai tafi ya bar wa Abdulhadi shanun, ya nuna masa harawa da dusa da kanwa, ya ce ko ƙaho kada wani ya taɓa musu sai ya dawo. Amma ranar gayya mai unguwa ya aiko, dattawa suka ce aikin na kowa ne, Mudi da yana nan ma ba zai hana ba. Abdulhadi ya kwance shanun ya ɗaura musu amalanke.

Musbahu ya dubi akwatin amalanken, ya dubi tulin tsakuwa, ya ce in ana cika shi sosai za a gama kafin la'asar. Ga makaɗi yana kaɗa wa masu shebur, ga yayyafin da aka yi da safe ya jiƙa tsakuwar. Aka cika amalanke har saman katakon da Mudi ya ƙara don taki. A kan tudu shanun suka ja da ƙyar. Da aka kama gangare sai kayan suka turo su daga baya, karkiya ta danne wuyan Jatau, ya durƙusa, amalanke ya hau kansa, ƙafarsa ta gaba ta karye har ƙashi ya fito. Aka kira mahauci ya yanka shi nan take don kada ya tafi a banza. Rana na zafi, nama ba ya jira, sai aka dafa wa masu gayya wani, aka raba saura gida gida.

Da Mudi ya dawo, yana riƙe da hannun Kulsum, idonta a naɗe da bandeji, abin da ya fara gani shi ne Duna shi kaɗai a turke, ya ƙi taɓa harawa. Na biyu kuma fata ja a shimfiɗe a kan dangar Abdulhadi, an kafe ta da tsinke. Matar Abdulhadi ta fito da ƙwarya a rufe da faifai, cike da soyayyen nama, ta durƙusa ta ce ga rabonsu nan an ajiye musu.

Waɗanda suke wurin sun ce Mudi ya karɓi ƙwaryar ya ajiye a gefe. Ya shigar da Kulsum ɗaki, ya gyara mata shimfiɗa, ya fito ya ɗauki ƙwaryar ya tafi da ita ƙofar gidan mai unguwa, inda dattawa ke zaune. Ya ajiye ta a tsakiyar tabarma. Bai yi gaisuwa ba, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa.

"Wa ya yi lodin?" in ji shi.

Mai unguwa ya ce ya zauna tukuna. Liman ya ce ya yi haƙuri, haka Allah ya ƙaddara. Wani ya ce ai za a duba yadda za a yi masa. Mudi ya sake tambaya, ya kuma sakewa, muryarsa tana hawa har mata suka leƙo ta katanga. Ya ce bai zo neman ta'aziyya ba, kuma ya san ƙaddara tun kafin wasunsu su yi gemu. Mutum ɗaya yake nema wanda zai ce ni ne na zuba, ko ni ne na ce a cika. Ba wanda ya ce. Abdulhadi ya ce shi igiya kawai ya riƙe. Masu shebur suka ce su abin da aka ce suka yi. Mai unguwa ya ce shi yana can wajen masu kwaɓa siminti.

Washegari Musbahu ya zo har gida, ya tsuguna a zaure ya ce, "Baba Mudi, ina son in yi maka bayani." Ya bayyana masa yadda ya juya girman ramin ya koma nauyi, da yadda masu dutse suka yarda da lissafinsa, da abin da direba ya faɗa. Ya ce a wajen kwasa ne hankalinsa ya tafi ga yawan sawu, bai tafi ga nauyi ba, amma shi bai taɓa shebur ba, kuma masu shanu ne ya kamata su san abin da dabba ke iya ja.

Wannan bayanin ne ya fi komai ƙona wa Mudi rai. Da a ce ba wanda ya san nauyin tsakuwar, da sai ya ce jahilci ne. Ashe an sani.

"Wato ka san nauyinta lokacin da take kan tifa," ya ce. "Motar ƙarfe mai taya goma ta ce ba za ta iya gangaren ba, kuka ji tausayinta, kuka bar ta ta tafi. Sannan kuka ɗora wa mai jini da numfashi. Tashi ka bar mini zaure, Malam."

Bayan kwana biyu unguwa ta haɗu ta sayo maraƙi, aka ɗaure masa a ƙofar gida. Ya kwance shi ya kora shi har gaban mai unguwa. Ya ce Jatau shekaru ya yi yana koyon tafiya kafaɗa da kafaɗa da Duna, ya san muryarsa, ya san inda kunyar huɗa ke ƙarewa ba sai an ja igiya ba, kuma su da suka ci namansa da tuwo ba su ne za su gaya masa abin da zai maye gurbinsa ba. Aka fara cewa Mudi ya cika riƙo. Wasu suka ce ai dabba ce, ba mutum ya mutu ba. Duk maganar da aka yi sai ta dawo kunnensa, kuma kowace ta ƙara masa wuta. Ya daina zama a majalisar dattawa. Sallah yakan je, ya tsaya a sahun baya, ana sallamewa ya ɗauki takalminsa.

Ya ɗauko zarto ya yanke katakon amalanken, ya rage shi ya koma kamar faranti, yadda ko an so a cika shi ba wurin zubawa. Daga nan ko taki sai ya yi sawu biyu a inda dā yake yin ɗaya. Ya ja danga tsakanin sashensa da na Abdulhadi, ya huda wata ƙofa ta baya.

Kulsum, da idonta ya warke, ita ce kaɗai ke iya yi masa magana. Ta ji daga wajen mata yadda abin ya kasance, ta ce masa, "Malam, mutumin da kake nema babu shi. Kowa ya zuba shebur ɗaya biyu, ana kiɗa ana gasa. Har ɗan yayarka ya zuba." Ta ɗauka zai huce. Sai ya ce ai wannan ya fi muni, gari guda a tsaye ba wanda ya dubi wuyan sa ya ce ya isa.

Daminar nan ya sha wuya. Sa ɗaya ba ya huɗa, an gwada haɗa Duna da san wani mutumin garin Ƙofa suka yi ta tunkuyi. Mudi ya koma garmar hannu yana da furfura. Wata safiya ya tarar da Abdulhadi a ƙarshen gonarsa yana huɗa, ba sallama ba magana. Bai kore shi ba, bai kuma gode masa ba. Da aka kawo fura kowa ya sha a inuwarsa. Haka suka yi har aka gama noma. A ranar ƙarshe Abdulhadi ya tsaya a bakin gona ya ce, "Yaya, ni na kwance su." Mudi ya ce ya sani, ya ɗauki garmarsa ya wuce. Amma da kaka ya aika wa matar ƙanen nasa da damin dawa.

Daga baya ya sayar da Duna ga wani manomi a Doguwa, bayan ya je da ƙafarsa ya ga turken da irin amalanken mutumin. Ya sayi wasu maruƙan ya sake horo daga farko, amma bai ƙara ɗaukar kayan gini ba. Yanzu yashi da tsakuwa a unguwar kekuna masu inji ke kawo su. Mutanen da suka ci naman wasu sun rasu, yaran da suka taso ba su san labarin ba, sun dai san akwai wani tsoho mai faɗa a bayan masallaci.

Bara a kasuwar Kiru Mudi ya ga wani mai irin wannan keken mai inji, mai suna Ukasha, ya loda tsakuwa har tayoyin sun baje, yana ƙoƙarin ɗora fasinja biyu a sama. Mudi ya tare gabansa da sanda, ya yi ta zazzaga masa faɗa yana tambayarsa ko ya san nauyin abin da ya ɗauka. Ukasha bai san shi ba, ya ɗauka taɓin hankali ne, ya kewaye shi ya tafi. Amma ɗaya daga cikin fasinjojin, wata mata mai goyo, ta sauka ta ce za ta jira wata motar.