Ni a Rumbu, Sajo a Lakol

Maƙwabcina Sajo likitan dabbobi ne. In ya tada motonsa, babur ɗin nan nasa, da safe kajina sai sun watse, ni kuwa cikina ya yi ta ciwo har azahar. Ba zan ɓoye ba, haushinsa nake ji, don kujerar da ya zauna a lakol, wato makarantar boko, tawa ce.

Shekarar da muka kai bakwai aka aiko wa mai garin ƙauyenmu, nan kusa da Cadakori, ya ba da yara lakol. Lokacin nan lakol abin gudu ne. Mu da kakanninmu suka sari garin, wa zai taɓa mu? Babana ya ɗaga ni ya jefa cikin rumbu ya rufe. Yini biyu ina kan damman gero, ina murna na tsira. Mai gari ya duba gidan da ba su da mai tsaya musu, sai gidan su Sajo, waɗanda suka bar kiwo suka zauna bakin gari suna noman gonar aro. Aka ja shi yana kuka, uwarsa na biye da ƙwaryar nono tana roƙo.

Da na fito har waƙar tsiya na yi masa. Yau shi ke yi wa shanun gari allura, ni ko takardar maganin akuyata sai na kai masa ya karanta. Ni da ko ƙafar kaza ce ta karye, tun ina yaro ni ke ɗaure ta!

Bana ɗiyata Safina ta ci jarrabawa, aka tura ta kwaleji Gidan Rumji. Ba mu da kowa can, in kuwa babu gidan sauka sai ta dawo turmi. Sajo na da ƙanwa a garin. Kwana uku ina zagaya ƙofarsa kafin na yi sallama.

"Ɗan rumbu, lafiya?" in ji shi.

"Lafiya lau, mai allurar jakai. Kujerata da ka cinye na zo karɓa."

"Kai da furfurar nan za ka zauna?"

"Safina ce za ta zauna."

Ya bar dariya. Ya ce ta haɗa kayanta, ran Asabar shi da kansa zai kai ta gidan ƙanwar tasa. Ya kuwa kai ta.

Har yau in ya tada moton cikina na ciwo. Sai dai yanzu yakan lafa kafin hantsi.