Tudun da Yaya Garba Ya Ƙi Hawa

Shekara ashirin da bakwai ke nan da aka binne yayana Garba a Saulawa, amma sunan da aka laƙa masa ya ƙi binnuwa. Makon jiya a gidan suna na ji wani matashi, wanda ko ganinsa bai taɓa yi ba, yana ce wa ɗan acaɓa, "Malam, ban da tafiyar Garba Zagaye." Aka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci, har yau bai huce ba.

To, bari in fasa ƙwai. A ranin da ya biyo bayan samun mulkin kai idanun Baffa, mahaifinmu, suka fara mutuwa. Malami ne, da ka yake biya wa ɗalibai karatu, saboda haka ba wanda ya gane sai mu 'yan gida. Ya ce kada maganar ta wuce zaure. Likitan ido yana Zariya, mota kuwa sai ranar kasuwa, cike da idon sani. Sai keken Yaya.

Miƙaƙƙiyar hanya tana da tudu uku, kowanne da gari a kansa. Wanda aka goya a keke dole ya sauka a tudu ya taka. Wato Baffa ya sauka gaban iyayen ɗalibansa a ja shi da hannu. Kwana huɗu Yaya yana fita shi kaɗai neman wata hanya, ya dawo ya zana a tsakar gida, tsakuwa ce tudu, kara ne rafi. Ya bi gefen fadamun rake na Dandamisa, ya ɓulla ta Taba. Tafiyar da ake isa da azahar ta koma sai bayan la'asar.

"Garba, za a ce kai rago ne," in ji Baffa.

"A ce, Baffa. Ƙafarka dai ba za ta taɓa ƙasa ba."

Aka kuwa ce. Sau shida suna zuwa, idon bai dawo ba, Baffa ya rasu yana kan buzunsa ana ɗaukar karatu. Yaya ya ci gaba da amsa Zagaye har ya mutu, bai taɓa kare kansa ba. Masu cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara, su ne dai suka yi masa dariya.

Da zai ga samarin yau suna tambayar waya hanya mafi kusa, na san murmushi kawai zai yi. Ni ban gaji haƙurinsa ba. Iyayen masu dariyar nan a bakin makahon da aka goya suka koyi Fatiha, ba su sani ba. Duk mai sake cewa Zagaye, ya fara faɗa mini wa ya taɓa goyawa.