Jarkar Elijah

Jarkar da Elijah ke ɗaurewa a bayan kekensa ba ta taɓa ɗaukar komai ba. Rawaya ce, irin ta man gyaɗa, kuma duk wanda ya gan shi da sassafe yana gangarowa daga ƙauyensu na kan tudu sai ya ɗauka fetur zai sayo a Wara. Da hantsi ya dawo, a ce ga shi nan ya sayo. Ba wanda ya saurari ƙararta. Da akwai fetur a ciki da ta zauna daram, amma tafiya da dawowa kwal-kwal-kwal take yi a kan gargada. Ta fi shekara guda tana wannan kuka.

Elijah manomi ne, gero da dawa da ɗan gyaɗa, shekarunsa arba'in da biyu. Siriri ne mai dogayen ƙafafu, ba ya son surutu. A coci ma shi ke jera benci, ya koma can baya ya zauna. Ruwan da ya sani duk rayuwarsa shi ne rafin bayan gonarsu, wanda da rani akuya ke tsallakewa.

Abin ya faru ne ranar wata kasuwar Wara. Ya kai buhun gero biyu kwata, inda jirage ke lodi, zai tsallaka da su wani tsibiri. Jirgin Kabiru ya samu. Kabiru direban jirgin inji ne, haifaffen bakin ruwa, mai tumbi da babbar murya, wanda ba ya ganin mutumin tudu ya ƙyale shi. Elijah na tsaye a bakin jirgi da buhu a kafaɗa, Kabiru ya murɗa inji da gangan, don kawai a yi dariya. Jirgi ya zabura, Elijah ya tafi ta baya. Ruwan wurin bai wuce ƙirjinsa ba, amma ina ya sani? Ya yi ta dukan ruwa yana kiran Yesu, yana kiran innarsa da ta rasu shekara tara. Sai da Kabiru ya ƙoshi da dariya sannan ya cafko shi ta ƙugun wando ya jefa cikin jirgi.

"Ku taya ni lodi, jama'a! Ga buhu na ukku!"

Wani ya ɗauka a waya. Kafin kasuwa ta zagayo, hoton ya kai Yelwa, suna kuma ya manne: Buhun Gero. Masu sayen hatsi suka ɗauka, 'yan acaɓa suka ɗauka, har wasu 'yan cocinsu in sun manta. Elijah ya haɗiye. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne ranar da 'yarsa Goodness ta dawo makaranta ta ƙi cin tuwo, da ƙyar ta faɗa wa uwarta cewa a ajinsu yanzu ɗiyar Buhu ake ce mata. Washegari ya wanke jarkar man gyaɗa, ya ɗaura mata igiya.

Ya samo wani lungu na babban tafkin da Wara ke bakinsa, inda masunta ba sa zuwa saboda kututtura na yaga musu koma. Daga gida zuwa can tafiyar awa ɗaya da rabi ce a keke, yawanci gangara, dawowa kuwa hawa ne zalla. Keke ba ya isa bakin ruwa, don akwai fadama mai laka a tsakani, sai ya ɓoye shi cikin ciyawa ya ɗauki jarka a ka. Da farko tafiya yake yi. Da ya ga rana na riga shi gona, sai ya koma gudu.

Watan farko ruwa kawai ya sha. Yakan rungume jarka kamar jariri, yana harba ƙafa, bai fi tsawon tabarma yake matsawa ba. Sai a wata na biyu ya gano da kansa cewa a cikin ruwa ake fitar da numfashi, a sama shaƙa kawai ake yi. A wannan lungu akwai matattun itatuwa da ruwa ya ci tun zamanin da aka datse kogi, suna tsaye jere kamar masu jiran mota. Da su ya riƙa awo. Itace na ɗaya. Bayan makonni, na biyu. Da damina ta faɗi yana kai na bakwai ya dawo, jarka na biye da shi a igiya, ko taɓa ta ba ya yi. Tayar bayan keken ta sha faci har mai faci ya ce ba sauran wurin mannawa. Cinyoyinsa suka zama kamar icen gatari. Ƙuli-ƙulin gidan kuwa ya daina kwana.

Matarsa Marka ce kaɗai ta san inda yake zuwa, kuma ba ta so.

"Baban Goodness, dorina fa ba ta san kana da gaskiya ba. In ta same ka, mi zan ce wa mutane? Ka bar shi da Allah."

"Na bar shi da Allah," in ji shi yana hura taya. "Amma ina son in kasance wurin."

Joshua, malamin da ke koyar da waƙa a cocinsu, ya taɓa cin karo da shi yana fitowa daga fadama a guje, jiƙe sharkaf. Da ya ji bayani ya riƙe baki. Ya ce ai a ƙasashen waje gasa guda ake yi da wannan, iyo da keke da gudu a haɗe, har lambar yabo ake ratayawa.

Elijah ya ce, "Su kuma wa ya ɓata musu rai?"

Duk ranar kasuwa yakan zauna kan buhunsa a kwata yana kallon Kabiru, ana tsokanarsa yana murmushi. A nan ya ga abin da mutanen bakin ruwa ba su taɓa lura da shi ba, don sun saba. Kabiru ya iya ruwa, babu shakka. In koma ta naɗe farfelar inji, sai ya tsunduma kamar kwaɗo ya kwance ta. Amma bai taɓa yin nisan da ya wuce tsawon jirginsa ba. Yana fitowa zai kama gefen jirgi yana haki, ya daɗe kafin ya hau. Shekara goma sha inji ke yi masa tafiya, ko filafilin tuƙi ya daina riƙewa. Elijah ya ajiye wannan a ransa, ya ƙara itace biyu a awonsa.

Ya jira har bayan kaka, lokacin da tafki ya cika ya tumbatsa, ruwa ya yi sanyi, yashin da ake tsayawa a huta a tsakiya ya nutse. Ranar kasuwa ya iso kwata babu buhu, sai jarka.

"A'a, Buhun Gero!" Kabiru ya daka masa kira daga kan jirgi. "Yau kai kaɗai za a loda?"

"Kabiru, ka ga tsibirin can mai giginya? Mu tahi mu taɓa shi mu dawo. Ba jirgi."

Kwata ta ɗauki shewa. Mata masu ƙyafa kifi suka bar wuta suka matso. Kabiru ya dubi tsibirin, ya dubi jama'a, ya ga wayoyi sun riga sun ɗagu.

"Da wagga jarka taka? To riƙe ta da kyau, ɗan tudu. Yau ba ni da lokacin tsamo kowa."

Ya tuɓe riga ya faɗa. Tun kafin Elijah ya gama ɗaura igiya a ƙugu, Kabiru ya yi gaba, yana watsa ruwa, yana juyowa yana yi masa gwalo. Jirage uku cike da 'yan kallo suka biyo su a hankali. Elijah bai yi sauri ba. Hannu, hannu, numfashi, yadda yake yi kullum, yana ƙirga itatuwan da babu su a nan. A wajen na huɗu ya daina jin shewa. A na biyar ya ɗaga kai ya ga ƙeyar Kabiru kusa, tana nutsewa tana fitowa. Ƙafar Kabiru ce ta riƙe, ga sanyi, ga ba wurin tsayawa.

Elijah ya zagaya ya tsaya gabansa, daidai inda hannu ba ya kaiwa, ya jawo jarka ya riƙe ta a bayansa.

"Buhu... miƙo... miƙo mini!"

"Wa kake kira?"

Kabiru ya sha ruwa, ya fito yana tari. Jiragen na matsowa, amma da saura. Elijah ya dubi idanunsa, ya ga abin da shi ya ji a waccan ranar, ya kuma tarar ko kaɗan tausayi bai zo masa ba. Daɗi ya ji, mai sanyi, har cikin haƙora.

"Elijah," in ji Kabiru.

"Ba su ji ba. Wayoyinsu na da nisa."

"Elijah! Don Allah, Elijah! Malam Elijah!"

Wannan babbar murya da ta raɗa masa suna ita ta mayar masa da nasa na gaskiya, har mata a kwata sun ce sun ji. Elijah ya kwance igiya ya tura masa jarka da ƙafa. Kabiru ya rungume ta da hannu biyu da ƙafa biyu, ya kwantar da kumatu a kanta. Haka aka ɗauke shi hoto, haka aka jawo shi cikin jirgi. Elijah bai tsaya kallo ba. Ya wuce, ya taɓa gindin giginya, ya juyo, a karon farko babu komai ɗaure a ƙugunsa.

Ya dawo ya fito a kwata. Wata tsohuwa mai kifi ta ce, "Sannu, Baban Goodness." Can gefe Kabiru na zaune an lulluɓe shi da buhu, wani ɗan acaɓa ya riga ya fara kiransa Jarka, yana tambayarsa ko zai koma gida a mashin. Elijah ya je gabansa ya miƙa hannu. Kabiru ya ɗago nasa zai gaisa.

"Jarkata," in ji Elijah.

Ya ɗaura ta a bayan keke ya kama hawan tudu. A bakin ƙauye ya tuna Marka ta ce randa ta yi ƙasa, sai ya ratse wurin famfon burtsatse, ya bi layi bayan mata huɗu, ya ɗauraye jarkar ya cika ta, ya tura keken zuwa gida.