Kunnen Gwaggo Tamau

A garinmu na kan dutse gajimare ne ke fara zuwa aiki, Gwaggo Tamau ta biyu. In ka leƙo da safe za ka ga farin abu ya kwanta a titi kamar an farke cikin matashin kai, ya cinye matakala, ya cinye ƙafafun mutane, sai kawuna kawai ke yawo. Daga cikin wannan farin take ɓullowa, 'yar gajeriya, sanye da rigar sanyi mai maɓalli uku (sauran biyun sun riga ta yin ritaya), ɗaurin tsofaffin jaridu a ka, ƙullin igiya a hammata, ga wani ƙaramin cokalin shayi rataye da zare a wuyanta.

Teburinta ɗaya ne, ƙarƙashin rumfar kwano a bakin tashar mota. Takan goge raɓar da ke kansa da gefen zane, ta jera jaridu gefe guda, kwali da buhun ciyawa a ɗaya gefen, ta karɓi kofinta a hannun mai shayi ba tare da ta ce komai ba, shi ma bai ce ba. Shekara talatin da ɗaya suna wannan hirar.

Gwaggo ba ta sayar da ko allura. Sana'arta ɗauri. Garinmu gari ne na masu aikin hannu: masu ginin tukwane, masaƙa, masu sassaƙa, masu zanen hoto da ke yini suna kallon dutse guda kamar zai motsa. Baƙi suna hawowa su yi sayayya har idonsu ya rufe, sai sun zo tasha su tuna cewa tsakaninsu da ƙasa akwai lanƙwasa goma sha tara, kuma mai tuƙa su shi ne direban da muke kira Sannu-Sannu, don bai taɓa jin ma'anar kalmar ba. A nan Gwaggo ke shigowa. Ta naɗe, ta cusa ciyawa, ta zagaya igiya sau uku, ta ja da haƙori. Tamau. Daga nan sunan ya fito, har na yanka ya ɓace.

To tunda duk abin da aka saya a garin nan ta hannunta yake fita, ta san aikin kowa fiye da matarsa. Saboda haka in baƙo ya sauko daga mota yana waige-waige, ya tambaye mu ina ake sayayya, mu 'yan tasha kowa shagon abokinsa yake nunawa. Mai tsoron Allah a cikinmu kuwa sai ya nuna rumfar kwano.

Ba ta taɓa farawa da amsa.

"Wa za ka kai wa?" za ta ce.

"Matata, Gwaggo."

"Laifi ka yi, ko so ne kawai?"

In ya yi dariya ya sosa ƙeya, ta gane. Sai ta yagi gefen jarida, ta ɗauki guntun fensir, ta zana masa hanya. In bargo ne, ka bi matakalar bayan tsohon gidan waya har numfashinka ya fara yi maka gardama, ka shiga layin masaƙa, ƙofa ta uku, inda kyanwa ke barci a kan tarin zare. "In mai shagon ya yi maka murmushi, ka fito, ba shi ba ne, ka ɓata." In jakar fata ce, ka bi hancinka ta gangaren hagu. In hoto ne, ka hau can ƙololuwa kafin rana ta kori gajimare, don a lokacin ne za ka gane wanda ya zana dutsen da idonsa da wanda ya kwafa daga maƙwabci. Akwai wata tsohuwa mai sarƙoƙin duwatsu da ba ta da shago sam, taga ce kawai mai shuɗin fenti, sai ka ƙwanƙwasa ta zuro maka tire.

"Waɗannan shagunan na bakin tasha fa, masu fitilu?" wani baƙo ya taɓa tambayarta.

"Suna da inuwa mai daɗi," in ji Gwaggo. Iyakar sukar da aka taɓa ji a bakinta ke nan.

Ke ce taswirar garin nan, Gwaggo. Baƙi nawa ne suka tafi da guntun jaridarki a aljihu, suka ajiye shi fiye da abin da suka saya?

Yanzu maganar cokali. Duk abin yumɓu da aka kawo mata, kafin takarda ta taɓa shi sai ta ɗora shi a tafin hannu, ta karkatar da kai, ta buga masa cokali sau uku. Lafiyayyen tulu waƙa yake yi, wani dogon "tiiin" da ke tashi ya bi gajimare ya tafi. Wanda ke da tsaga a ɓoye, ko da ido ba ya ganinta, sai ya ce "taƙ" ya yi shiru, kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Irin wannan Gwaggo ba ta ɗaure shi. Ka roƙa, ka yi fushi, ka kira kakanka. Za ta ce ka mayar wa mai shi ya canza maka. Masu tukwane sun sha yi mata kallon banza a kan haka, amma kowannensu ya san dalilin da baƙi ke dawowa.

Shekara biyu da suka wuce cokalin nan ya shiga gidanta.

Autarta ta koyi ginin tukwane, shekara uku tana dama yumɓu, hannuwa duk sun tsage, ba wanda ya taɓa sayen ko murfi a wurinta. Mijinta, mutumin kirki ne dai, ya fara cewa ko za ta huta ta kama ɗinki. Rannan sai ga wata baƙuwa, likitar haƙori daga can ƙasa, ta leƙa ɗakin aikin Auta ta ga wani tulu ja mai zanen tsuntsaye zagaye da wuyansa, ta tsaya cak. Mahaifinta a kan dutsen nan aka haife shi, yanzu tsufa ya kwantar da shi, ba ya iya hawowa, kullum maganarsa ɗaya, yana so ya ƙara shan ruwa daga tulun ƙasar garinsu. Ta saya nan take. Auta ta rungumo tulun da kanta, ta rako ta har tasha, tana tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta taɓa ƙafarta ba.

"Inna, ki ɗaure wa Likita. Aikin hannuna ne," ta ce cike da murna.

Gwaggo ta karɓa. Ta san kowane dare da wannan yarinya ta yi tana shafa wa hannu mai, ta san abin da surukinta ke faɗa. Ta ɗora a tafi, ta buga. Taƙ. Ta juya shi. Taƙ. Ta sake. Mai shayi ya rantse min cewa a ranar ya ga abin da bai taɓa gani ba: ta buga na huɗu, a hankali, idonta a rufe, kamar tana roƙon tulun ya canza magana.

Bai canza ba.

"Ba zan ɗaure ba," ta ce.

"Inna!"

"Yana da tsaga a ƙarƙashin tsuntsun nan. Ba zai wuce lanƙwasa ta bakwai ba."

"Ina tsagar? Nuna min! Likita, duba da idonki, kin ga wani abu?"

Likita ta ce ita dai ba ta gani ba, amma ita ma a aikinta haƙorin da ya fi kyau a ido wani sa'in shi ne ruɓaɓɓe. Sai Gwaggo ta yagi gefen jarida, a gaban 'yarta, ta zana hanyar shagon wani dattijo mai tukwane a can bayan famfo.

"Je ki wurinsa, Likita. Babanki ba shi da lokacin jiran mu koyi aiki."

Likita ta je, ta dawo da wani tulu mara ado, cokali ya sa shi waƙa, aka ɗaure, ta tafi. Auta kuwa ko hawaye ba ta yi ba, zuciya ta hana. Washegari ta naɗe tulunta da zanenta, ta shiga motar Sannu-Sannu, ta ɗora shi a cinya, wai sai ta kai shi ƙasa ta dawo da shi lafiya kowa ya gani. Direban ya ba mu labari daga baya, yana rantsuwa cewa ranar ce kaɗai ya yi tuƙi irin na masu hankali. Sun wuce ta biyar, sun wuce ta shida. A ta bakwai, inda titi ke da ɗan tudu, sai aka ji "ƙas". Ta buɗe zane, tulu ya rabu biyu, daidai ƙarƙashin tsuntsu.

"Ƙanwata, in tsaya?" ya ce.

"Tuƙa motarka," in ji ta.

Wata biyu gaisuwa kawai ke haɗa uwa da 'ya, ita ma a tsaye. Gwaggo ta rame. Takan zo ta zauna, gajimare na wucewa ta cikin rumfarta, tana murza cokalin a yatsu, shayi ya huce a gabanta. Na taɓa tsokanarta, na ce Gwaggo da kin ɗaure abinki da ciyawa buhu guda, wa zai sani? Ta dube ni sama da ƙasa.

"Tsohon da zai buɗe kwalin zai sani, sarkin surutu."

Na kama bakina, abin da ba kasafai yake faruwa ba.

Wata safiya, kafin motar farko, sai ga Auta ta fito daga cikin farin nan da tuluna huɗu a kwando. Ta jera su a teburin. Gwaggo ta ciro cokali. Uku masu tsaga suka koma hagu, ɗaya lafiyayye ya koma dama. Auta ta kwashe ta tafi. Bayan kowane gashin tukwane haka take zuwa, ta tsaya a gefe, kanta a karkace kamar na uwarta. Ta gano inda take kuskure, tana gaggawar kai su wuta kafin su gama bushewa a wannan sanyin namu. Na dama suka riƙa yawa. Baƙi suka fara saye. Maganar ɗinki ta mutu.

Amma a bana wani abu ya fara. Gwaggo ta koma buga cokali sau biyar, tana manna tulu a kunne. Mai shayi sai ya taɓa kafaɗarta kafin ta juyo. Ba wanda ya faɗa mata kunnenta ya fara tafiya, ita ta fara sani, ranar da ta buga ta ga bakin cokali ya taɓa yumɓu amma duniya ta yi shiru. Ta ce ba za ta ɗaure abin da ba ta ji ba, ƙarshen wata za ta tashi.

Ranar ƙarshen, makon jiya ke nan, gajimare ya ƙi tafiya har hantsi, kamar shi ma ya zo sallama. Masaƙin nan da ba ya murmushi ya sauko da bargo, ya ajiye mata, bai yi murmushin ba. Motar Sannu-Sannu ta iso, sai ga Likita ta fito. Ta durƙusa ta gaida Gwaggo, ta ɗaga murya don ta ji: Baba yana nan da ransa, kullum daga tulun nan yake sha, yana cewa ruwan na da ɗanɗanon gida. Amma ita tsuntsayen nan ba su bar ranta ba, su ta zo nema.

Aka aika, Auta ta sauko da tuluna biyu masu tsuntsaye, kamar tagwaye. Likita ta ce duka take so. Auta ta miƙa wa uwarta na farko.

Gwaggo ta ɗora a tafi, ta buga, ta saurara. Mu duka muna kallon fuskarta, ba komai a ciki sai nisa. Sannan ta sunkuyar da kai, ta cire zaren daga wuyanta, ta miƙa.

"Ba na ji, Auta. Ke ki tambaye su."

Auta ta karɓi cokalin. Ta buga na farko, sautin ya tashi siriri, ya ratsa rumfar ya shige cikin farin, har mai shayi ya tsaya da buta a sama. Ta ɗauki na biyu. Ta buga sau uku. Ni wallahi kunnena bai ji bambanci ba, Likita ma haka, uwar kuwa ba ta ji komai. Ba mai kama ta a duk tashar. Ta tsaya tana kallon tsuntsayen da ta kwana biyar tana zanawa, sannan ta tura tulun hagu.

"Wannan ba zai sauka ba, Likita. Ɗaya za ki tafi da shi."

Gwaggo ba ta ji maganar ba, amma ta ga inda tulun ya koma. Ta goge ido da hannun rigar sanyi, ta ce wai hayaƙin mai shayi ne, ta jawo jarida. Ta naɗe na daman, ta cusa ciyawa, ta zagaya igiya sau uku, ta ja da haƙori.

Mun gode, Gwaggo Tamau. Ke ce kika sa baƙi ke sauka daga dutsen nan da kayansu cikakku, ke ce kika fi son 'yarki ta yi fushi da ke wata biyu a kan wani tsoho ya buɗe kwali ya ga fasassu. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya bar miki haƙoran nan da suka sha igiya. Ku kuma 'yan'uwana masu sana'a, har da ni mai dogon baki, kowa ya riƙa buga wa aikinsa cokali kafin ya miƙa wa mutane.

In kun hawo garinmu kuna neman inda za ku yi sayayya, kar ku tambaye mu. Ku nufi rumfar kwano. Da safe Auta ce a wurin kafin ta wuce ɗakin aikinta, cokali a wuya. Ita ma sai ta fara tambayar wa za ku kai wa.