Direba da Ƙwayar Safe

Ma'aikaciyar jinyar tana cikin janyo kujerarta daga bayan tebur aka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Ba ta amsa ba sai da ta ajiye ta dab da kujerar majinyaci, yadda gwiwa za ta kusa taɓa gwiwa. Kullum da yamma mai shara yakan mayar da ita bayan tebur, kullum da safe ita kuma ta janyo abarta. Sun tsufa suna wannan ja-in-ja, ba wanda ya taɓa ce wa wani uffan.

A ɗakin awon hawan jini, Sista Sannu ake ce mata. Abokan aiki ne suka raɗa mata, don layinta tafiyar hawainiya yake yi. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne. Tana ƙarama takan zauna a shagonsa, ta ga ba ya kwance rediyo sai ya tambayi mai ita, "Kafin ta yi shiru, wane irin kuka take yi?" Bai bar mata gida ko fili ba. Tambayar nan ce gadonta.

Wanda ya fara shigowa dattijo ne, direban babbar motar fasinja, 'yarsa na biye da shi riƙe da ledar magani. Sista ta ɗaura masa abin awo a damtse, ta duba, ta sake dubawa. Jinin ya hau inda ba a wasa da shi, irin hawan da ke shanye wa mutum ɓarin jiki, ga shi da sitiyari a hannu da rayukan jama'a a bayansa.

"Baba, kana shan ƙwayar kuwa?"

"Yawwa Sista, tambaye shi!" in ji 'yar. "Ga ta nan a leda tana barci. Mu yi magana, ya ce mun raina shi."

"Ke, rufe min baki." Ya juyo wajen Sista. "'Yata, lafiyata ƙalau. Tun ba a haife ki ba nake tuƙi, ko kaza ban taɓa takewa ba. Maganinku ne bai karɓe ni ba."

Sista tana da wa'azin shan magani a bakinta, ta haddace shi kamar sunanta. Amma ta lura ya saci kallon 'yarsa kafin ya ƙarasa maganar.

"Ƙanwata, samo wa Baba ruwan sha a ƙarshen baranda. Kada ki yi sauri."

Da ƙofa ta rufu ta ce, "Ba ni labarin ranar da ka sha ta. Tun daga tashinka."

Ya murza hularsa a kan gwiwa.

"Na sha da sassafe, na tada mota. Ba mu yi nisa ba mara ta cika. Na tsaya. Can gaba na sake tsayawa. Wani fasinja ya ce, direba, ko juna biyu gare ka? Mota ta ɗau dariya. Sai muka hau wata doguwar gada, ba wurin rakuɓewa." Ya sunkuyar da kai. "Da furfurata, 'yata. A tasha sai da na ɗaura riga a ƙugu kafin na sauko."

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma cika shi da sannu ba.

"Aikin ƙwayar ke nan, ruwan jiki take ragewa. Mun tambayi shekarunka, ba mu tambayi sana'arka ba. Akwai wasu da ba sa haka, likita zai canza maka. Amma ba zan ɓoye maka ba, jinin nan na yau ba na tuƙi ba ne. Sai ya sauka."

"Yarinyar nan za ta ji?"

"Likita kaɗai, shi ma ban da gadar."

"In sabuwar ma ta yi min haka fa?"

"Ka dawo ka zage ni, a sake wata. Zagi ina da wurin ajiye shi. Shirun ne ba na so."

Ya yi wata gajeruwar dariya, kafaɗunsa suka sauko. "To, kawo. Zan sha."

'Yar ta shigo da ruwa, tana kallon wannan tana kallon wancan. "Me ya ce?"

"Ya ce zai sha, kuma mota za ta huta tukuna."

"Baba? Da bakinsa? Sista, me kika yi masa?"

"Zama na yi."

Daga baranda wata abokiyar aiki ta ɗaga murya, "Sista Sannu, layi fa ya kai bakin ƙofa!"

"Na ji ki, uwar gaggawa."

Ta karɓi ledar maganin, ta tura wa yarinyar kujerarta don ta zauna kusa da mahaifinta, ta fita neman likita.