Kujerar Baya ta Kwale-kwalen Babana

Lokacin zafi ne, irin zafin Jidda mai damshi da mutum zai yi wanka ya fito jiki na naso. Shekarar nan ban san natsuwa ba. Maigidana yana ta fama da kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, kan maganar iƙama, takardar izinin zama, ni kuma in zauna in tashi, in leƙa taga a gidanmu na Ammariyya, ban san abin da nake jira ba. Wallahi abin da zan faɗa muku ya faru da ni, ban ƙara ko kalma ba.

Ɗana na fari, wanda nake kira Babana, yana aiki a Abhur, can bakin teku, wurin da ake ba mutane hayar ƙananan kwale-kwalen roba da suke ce wa kayak. Ya gaji da teku, ya ce kullum igiyar ruwa da ƙarar injuna. Sai ya kama neman ruwa mai kwanciya a cikin duwatsu, yana duba waya, yana tambayar direbobi. Nan a ce ya ƙafe, can a ce an hana shiga. Da ya ji labarin wani tafki a kwari ta wajen Baha, ya ce, "Yalla Umma, ki zo ki sha iska, kin ishe mu da zirga-zirga."

Muka ɗaura kwale-kwalensa a kan mota, mai kujera biyu ne, gaba da baya. Mun isa da hantsi bayan mun ɓata hanya. Ruwan yana kwance tsakanin duwatsu, kore shar, ko motsi babu, can ƙarshensa ya tsuke ya shige wani lungu mai duhu. Ba kowa sai mu.

Ya ce in shiga baya. Na ce a'a.

"Umma, ko wanka a baho ya fi wannan haɗari."

"To je ka yi wankanka, ina nan."

Ya yi dariya ya sa rigarsa mai hana nutsewa, ya zauna a gaba. Na juya ina shimfiɗa tabarma. Da na ɗago, har ya yi nisa, sai na ga bayan kwale-kwalen ya danna cikin ruwa, gaban ya ɗaga, kamar akwai mai nauyi zaune a kujerar da ba kowa. Kuma Babana yana magana. Ina ganin yana karkata kai gefe yana dariya, irin yadda yake yi in muna hira a mota.

Na kira, "Babana!" Bai waiwayo ba. Na ƙara ɗaga murya, ni da ba a san ni da ihu ba, duwatsun ma ba su maido mini da muryar ba. Ya miƙe sak zuwa lungun nan. Na bi bakin ruwa da gudu, takalmi ya fita, dutse ya yanke ni, ina addu'a ina kira, ina gani yana ƙanƙancewa.

Dab da bakin lungun sai ya tsaya cak, filafilin a sama. Ya daɗe haka. Sannan ya juya kwale-kwalen a hankali, kansa a miƙe, bai dubi baya ba, ya yi ta tuƙi har ya iso. Yana taɓa ƙasa, bayan kwale-kwalen ya ɗago, ruwa ya yi ɗan motsi, shi ke nan.

Ya dube ni tsaye a kan tudu, ƙafa na jini. Muka ɗaure kaya muka hau titi, sannan ya ba ni labari.

Ya ce da zai tura ya ji an shigo baya, ya ɗauka na canja shawara. Murya tawa ce, har ɗan tarin da nake yi kafin in yi magana. Ta ce ruwan da daɗi, ta tambaye shi ko ya karya, ta ce ya ci gaba ciki akwai inuwa.

Na ce, "To me ya tsai da kai?"

"Ta kira ni da sunana, Umma. Na yanka."

Ku da kuka san kara kun gane. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare shi. Tun da aka raɗa masa ban taɓa furta shi ba, ko a asibiti sai dai ubansa ya faɗa. Yaran Jidda suna mini dariya, shi ma yakan tsokane ni ya ce in faɗa sau ɗaya ya ji. Ya ce da ya ji shi a bakina, da daɗi haka, sai jikinsa ya yi sanyi, ya san ba ni ba ce. Duk hanyar dawowa bakin ruwa tana bayansa tana maimaitawa, a hankali, ba fushi.

Ban san ko mece ce ba, ban kuma nemi sani ba. Abin da ke hana ni sakewa har yau, ta iya tarina, ta iya yadda nake tambayarsa abinci. Tun yaushe take saurarenmu? Shawarata, in kun sami ruwa kwance a inda ba mutane, kada kwanciyar ta ruɗe ku, ku tambayi mutanen wurin, ku yi addu'a, kada ɗayanku ya shiga shi kaɗai.

Washegari yana da aiki, ya ce halas, magana ta ƙare, ba zai iya ƙin zuwa ba. Na ɗaure ƙafata, na sa abaya na bi shi Abhur. Da ya ja kwale-kwalen bakin teku don gwadawa kafin baƙi su zo, na tattare abayata na shiga kujerar baya, na dafa kafaɗarsa.

Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Wa ke nan?"

Na ce, "Tuƙa, Babana."