Bolar Da Kowa Ya Ce Ba Tasa Ba Ce

Ni mutum ne mai saurin hawa, kowa a tasha ya sani. Shekara goma sha tara ina tuƙa bas, ba a taɓa faɗa mini magana na haɗiye ba. Mace ɗaya ce ta daka mini tsawa a gaban mutane na ce, "To, Gwaggo," na nemi kujera na zauna. Ita ce tsohuwar da ke buga takardu a ɗan shagon da ke kallon ƙofar sakatariyar ƙaramar hukuma.

Bola ce ta kai ni wurinta. Bayan gidanmu akwai fili da aka mayar juji, kullum sai wani ya cinna masa wuta. Autata kuwa, 'yar shekara takwas, asma gare ta. Likita ya ce mini ƙiri-ƙiri, ko mu tashi ko bolar ta tashi. Gidan gado ne, ina za mu?

Na je ƙaramar hukumarmu, suka ce filin na maƙwabciyarsu ne. Na je can, suka ce ai na jiha ne. A ofishin jiha wani mai ƙaton tumbi ya ce in koma inda na fito. Wata huɗu ana gara ni kamar ƙwallo. Ran da na koma sakatariyarmu na doki tebur, maigadi ya fitar da ni, ya nuna mini tsallaken titi ya ce, "Direba, je ka ga Gwaggo Ta-Hannun."

Shagon bai fi taku uku ba. Tsohuwar tafireta a kan tebur, kwalaye jibge har rufi, mutum biyu suna jira a benci. Da layi ya zo kaina na fara zuba, ina cewa ta rubuta wa hukuma cewa su azzalumai ne, marasa tausayi. Ko yatsa ba ta ɗora a kan tafiretar ba.

"Zuwa ga wa?" ta ce. "Kuma ta hannun wa?"

"Ga duk mai kunnen ji!"

"Kai, rufe mini baki! Takardar da ba ta san inda za ta ba, kwandon shara ne masaukinta. Zauna."

Daga baya na ji tarihinta. Shekara talatin ta yi tana buga takardu a cikin sakatariyar nan, da wannan aikin ta raini 'ya'ya uku bayan rasuwar mijinta. Da ta yi ritaya ba ta iya zaman gida ba. Duk Litinin sai ta tsallaka titi ta karanta allon sanarwa, ta kwafe wa aka sauya, wane sashe aka haɗe da wane, wace ƙungiya ta koma wane gini. Ba ta fara buga wasiƙa sai ta san ta hannun wa za ta bi, shi ya sa sunan ya bi ta. In kuwa ta ga takardarka ba inda za ta, ko za ka yi birgima a ƙasa ba za ta buga ba.

Ta tambaye ni inda bolar take daidai, gabas da kwata ko yamma. Na ce ban sani ba, ni dai hayaƙi na sani. Ta yi tsaki. Washegari ta kulle shago ta shiga motata. Tsohuwa mai ciwon gwiwa fa, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta dinga zagaya jujin nan tana tona shara da sanda har ta ci karo da wani guntun dutsen siminti.

"Ga shi nan," ta ce. "Dutsen iyaka ne. Ɗan nan, babu wanda ya yi maka ƙarya. Rabin bolar na wannan hukuma ne, rabi na waccan, shi ya sa kowa ke tura wa ɗan'uwansa."

Na ce shi ke nan, ba ta da mai ita.

"Wa ya gaya maka? Ƙananan hukumomin nan suna da ƙungiya, ƙungiyar tana da kwamitin da ke duba duk abin da ya faɗo a kan iyaka. Ni na buga rahoton zamansu na farko. Ofishinsu yana saman wani kantin magani, ko allo ba su kafa ba."

Ta buga takardar zuwa ga sakataren kwamitin, ta hannun shugabannin sashen lafiya na hukumomin biyu, da kwafi ga hukumar muhalli ta jiha. Babu zagi ko ɗaya a ciki, sai sunan ciwon yarinyar da takardar likita a maƙale. Ta ce kada in baro kowane ofis sai an buga mini hatimi a nawa kwafin. "Bakin nan naka kuma, ka bar shi a mota."

Wallahi na bar shi. Sati biyar muna jira, duk Litinin tana kiran sakataren a waya, ta fara tambayarsa lafiyar mahaifiyarsa sannan ta gangaro kan bola. Ranar wata Laraba tifa uku suka shigo layinmu, suka kwashe bolar.

Bayan wata biyu na kai Auta ta gaishe ta. Gwaggo ta ƙare mata kallo, ta zaro kwafin wasiƙar daga kwali ta miƙa mata.

"Zo nan, ƙawata. Karanta mini layin nan na sama, in ji ko ana koya muku wani abu a makaranta."

Auta ta riƙe takardar da hannu biyu ta karanta: "Zuwa ga Sakataren Kwamitin Haɗin Gwiwa Kan Tsaftar Muhalli da Al'amuran Iyaka na Ƙungiyar Ƙananan Hukumomi." Tun daga farko har ƙarshe a numfashi ɗaya, ba tari, ba shessheƙa.

Gwaggo ta ce, "Madalla," ta kira na gaba a layi. Ni kuwa hawaye ya ƙwace mini a gaban mutane, ban ma goge ba. Shekara biyu rabona da in ji yarinyar nan ta kai ƙarshen magana ba ta tsaya neman iska ba.